GAM MAI GARIN ƘARFE: YADDA ZA MU ZAƁI MAI ƘARKO DON GYARAN INJI



A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani abu ƙarami wanda ke shiga aljihu, amma yana iya ceton garka, yana kuma iya jawo asararta. Shi ne gam ɗin nan mai mazubi biyu, irin na man goge haƙori, wanda ake liƙe ƙarfe da shi. Waɗansu na ce masa Araldite, waɗansu na cewa gam ɗin ƙarfe, waɗansu kuma walda mai sanyi. Sunansa a wurin masana shi ne efoksi.

A nan ƙasar Gure, rayuwar mutane da yawa ta dogara ga kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi. A cikinsu ake samun dabino, da rogo, da rake, da albasa, da tumatir, da kabeji. A da, da guga da ƙwarya ake ban ruwa. Yanzu injin ban ruwa ya shiga garake da yawa. Ga injin niƙa a ƙauyuka, ga babura masu kai kaya kasuwar Subdu da ta Gidigir. Duk waɗannan injuna suna tsagewa, suna yoyo. Mai waldar farin ƙarfe kuwa ba a kowane gari ake samunsa ba. Sau da yawa sai an je Damagaram, tafiyar da ta wuce kilomita 150. Shi ya sa mutane ke komawa ga gam.

ABIN DA MUKA GANI A WATA GARKA

A wani rangadi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun sauka wani ƙauye a bakin kwari. Ɗaya daga cikin ɗalibanmu, magidanci ne mai garkar albasa, bai zo karatu ba kwana uku. Muka bi shi garka. Muka tarar gangar famfon injinsa ta tsage, tana shan iska, ruwa ba ya hawa. Ya riga ya liƙe ta har sau biyu da gam mai saurin kamawa. Duk sau biyun, ya shafa shi ne a kan datti da maiƙo, ya jira kamar minti goma, ya tayar da inji. Kwana ɗaya, biyu, sai liƙin ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. A lokacin albasa ta fara kwanciya don ƙishirwa.

Muka zauna tare da shi, muka duba kwalin gam ɗin. Rubutun na Turanci ne, amma lambobin da ke jiki irin waɗanda ya koya a aji ne. Shi da kansa ya karanta su. A nan ya gane cewa mintocin da aka rubuta da manyan lambobi lokacin fara kamawa ne, ba lokacin gama ƙarfi ba. Ya sake aikin bisa ƙa'ida da wani gam mai jinkiri, ya ari injin maƙwabcinsa na yini guda, ya bar nasa ya kwana. Wannan liƙi ya kai shi har ya cire albasarsa. Abin da ya koya a ranar shi muke so kowa ya koya.

MENE NE WANNAN GAM?

Mun san ƙaro da ake ɗiba a jikin dakwara a dajinmu. Ƙaro yana liƙewa ne idan ruwan da ke cikinsa ya bushe. Idan ruwa ya sake taɓa shi, sai ya narke. Efoksi ba haka yake ba. Ya fi kama da siminti. Abubuwa biyu ne: ɗaya shi ne danƙon, ɗaya kuma shi ne maganin da ke sa shi tauri. Kowanne shi kaɗai ba ya daskarewa. Idan aka cuɗa su, sai su haɗu su zama abu ɗaya mai tauri, wanda ruwa ba ya narkar da shi.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Pierre Castan yana cikin waɗanda suka fara haɗa shi, wajen ƙarshen shekarun 1930. A shekarar 1946 kamfanin Ciba na wannan ƙasa ya fito da shi da sunan Araldite. Daga baya aka gano cewa idan aka zuba masa garin ƙarfe mai laushi, yakan ƙara kauri da tauri, ba ya tsukewa sosai wajen daskarewa, kuma ana iya goge shi da magagari, ko a huda shi, kamar ƙarfe. Irin wannan shi ne mai launin toka ko baƙi-baƙi. Wanda yake garau kamar ruwa ba shi da garin ƙarfe. Ya fi dacewa da katako da kayan gida.

Amma mu riƙe wannan magana da kyau: ko da an sa masa garin ƙarfe, gam gam ne, ba ƙarfe ba ne. Walda tana narkar da ƙarfe biyu su zama ɗaya. Gam kuwa manne yake a bisa fatar ƙarfen kawai. Babban abokin gabarsa shi ne zafi.

TAMBAYA TA FARKO: INA NE YA TSAGE?

Kafin mu sa hannu a aljihu, mu fara duba wurin da ya lalace. Jikin inji ba zafinsa ɗaya ba. Ana auna zafi da digiri. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Da wannan za mu riƙa kwatance.

1. Wurare masu sanyi: gangar famfon ruwa, bakin da ake ɗaura tiyo, tankin mai, murfin gefe. Zafinsu bai kai na tafasasshen ruwa ba. A nan gam ya fi yin aiki.

2. Wurare masu matsakaicin zafi: lagireto, da jikin injin da ruwa ke sanyaya shi, da kaskon baƙin mai na ƙasa. Zafinsu yakan kai digiri 90 zuwa 120. A nan sai gam mai jinkiri, wanda aka rubuta yana ɗaukar zafi mai yawa.

3. Wurare masu zafi ƙwarai: kan silinda na babur ko na ƙaramin injin ban ruwa, wanda iska ke sanyaya shi. Yakan kai digiri 200, wani lokaci ya wuce. Liƙi a nan na wucin gadi ne, ba abin dogaro ba.

4. Wuraren wuta: bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, yakan wuce digiri 500. Cikin silinda, inda mai ke ƙonewa, ya fi haka nesa ba kusa ba. Babu efoksin da ke zama a nan. Ƙonewa zai yi ya zama gawayi.

TAMBAYA TA BIYU: ME AKA RUBUTA A KWALI?

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Ko ba mu jin Faransanci ko Ingilishi, lamba ɗaya ce a ko'ina. Mu nemi abubuwa huɗu.

Na farko, zafi. Za mu ga lamba tare da alamar °C ko °F. Alamar °C ita ce awon da muka yi magana a kansa. Alamar °F awon Amurka ne, lambarsa takan fi girma, tana ruɗin mai saye. Mu rubuta wannan a littafinmu:

212°F daidai yake da 100°C
250°F daidai yake da 121°C
300°F daidai yake da 149°C
500°F daidai yake da 260°C

Wanda ya ga 250°F ya zaci digiri 250 ne irin namu, ya ruɗi kansa. Bai kai rabin haka ba. Kuma kada mu sayi gam wanda lambarsa ta yi daidai da zafin wurin cif. Mu nemi wanda ya zarce da nisa, domin gam yakan fara laushi tun kafin ya kai iyakarsa.

Na biyu, lokaci. Harufan "min" na nufin minti, harafin "h" na nufin awa. Lokuta biyu ake rubutawa: na fara kamawa, da na gama ƙarfi. Na biyun shi ne ya shafe mu.

Na uku, awon haɗi. Idan an rubuta 1:1, kashi ɗaya daga kowane mazubi ke nan, daidai wa daida. Amma ba kowane gam ne haka ba.

Na huɗu, irin garin ƙarfen da ke ciki. Kalmar acier a Faransanci, ko steel a Ingilishi, na nufin baƙin ƙarfe. Kalmar aluminium kuwa na nufin farin ƙarfe maras nauyi, irin na tukwanen zubi.

Ga misali, ba don talla ba, sai don mu ga bambanci. Kamfanin J-B Weld na Amurka, wanda aka kafa a 1969, yana da gam mai jinkiri. Ana haɗa shi 1:1, yana fara kamawa cikin awa 4 zuwa 6, yana gama ƙarfi cikin awa 15 zuwa 24, kuma kamfanin ya rubuta cewa yana jure fiye da digiri 250. Wannan kamfani yana da wani mai sauri, KwikWeld, mai kamawa cikin minti 6, amma zafin da yake jurewa bai wuce digiri 150 ba, kuma bai kai na farkon ƙarfi ba. Akwai kuma Plastic Steel na kamfanin Devcon, wanda ake amfani da shi a masana'antu. Shi awonsa kashi 2 da rabi ne ga kashi 1, yana son awa 16, iyakar zafinsa digiri 121. Kun ga kowanne da halinsa.

Darasin da ke ciki shi ne: galibi mai saurin kamawa shi ne mai saurin saki. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Mai minti huɗu ko biyar yana da ranarsa, wato idan lagireto ya yi yoyo a tsakiyar daji ana so a kai gari. Amma gyaran da ake so ya kai ƙarshen rani, mai jinkiri yake so.

TAMBAYA TA UKU: WANE IRIN ƘARFE NE?

Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. Farin ƙarfe yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kullum aka tayar da inji aka kashe, liƙin yana shan ja da saki. Saboda haka ya fi kyau a sa mai garin farin ƙarfe a kan farin ƙarfe, mai garin baƙi a kan baƙi, in an samu. In ba a samu ba, mai jinkiri kowane iri ya fi mai sauri. Yadda za mu gane ƙarfen kuwa, mu kanga masa maganaɗisu: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama fari.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Ruwan waɗansu kwarurrukanmu yana da kanwa da gishiri. Kanwa tana cin farin ƙarfe, shi kuwa da shi ake yin gangar yawancin ƙananan famfuna. Shi ya sa muke ganin ƙananan ramuka a cikinta kamar zanzana, har su ɓule. Efoksi ba ya tsoron kanwa kamar yadda farin ƙarfe ke tsoronta, don haka cike irin waɗannan ramuka yana cikin ayyukan da ya fi iyawa. Idan an gama ban ruwan shekara, a ɗauraye famfo da ruwan daɗi, a tsiyaye shi, kafin a ajiye.

MU GWADA KAFIN MU SHAFA

Akwai jabu a kasuwa, akwai kuma wanda ya daɗe a rana cikin shago har ya lalace. Mu matsa mazubin da yatsa. Idan ya yi tauri kamar dutse, ko yana yoyo, mu bar shi. Idan an rubuta ranar ƙarewar aiki, mu duba ta. Araha ba ta ado.

In mun kai gida, mu cuɗa kaɗan, kamar ƙwayar wake, mu shafa a kan guntayen ƙarfe biyu masu tsabta, mu bar su su kwana. Da safe mu danna da farce. Idan farce ya shiga, ko yana danƙo, ba shi da kyau. Sa'an nan mu jefa guntu ɗaya cikin tafasasshen ruwa a tsohon gwangwani na minti goma. Idan ya yi laushi kamar cingam, ko ya saɓule, bai dace da jikin inji mai zafi ba. Ɗaya guntun mu jiƙa shi cikin fetur kwana ɗaya, nesa da wuta. Idan ya kumbura, bai dace da tanki ba. Gara a yi asarar ƙwayar wake da a yi asarar garka.

YADDA AKE AIKIN

Gam mai kyau a kan ƙarfe mai maiƙo, aikin banza ne. Rabin ƙarkon yana ga tsabta.

1. A kashe inji, a bari ya huce, a tsiyaye ruwa ko man da ke wurin.

2. A wanke wurin da omo, a ɗauraye, a shanya a rana. Ƙarfen zubi yana shan mai. Rana za ta fitar da shi kamar gumi. A goge, a sake shanyawa, har ya daina fitowa.

3. A nemo farkon tsagar da ƙarshenta. A huda ɗan rami na milimita 2 ko 3 a kowane ƙarshe, don kada tsagar ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin liƙi.

4. A buɗe bakin tsagar kaɗan da magagari, ta zama kamar ƙaramar kwata, don gam ya sami wurin zama.

5. A kankare kewayen da samfefa mai kaushi, faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, har farin ƙarfen ya fito. Gam ba ya kama wuri mai santsi, ko fenti, ko tsatsa.

6. A goge da tina da tsumma mai tsabta. Kada a goge da gazuwal ko kananzir, suna barin maiƙo. Bayan haka kada yatsa ya taɓa wurin, kuma kada a jinkirta shafawa.

7. A auna kashi biyun yadda kwali ya ce, a kan guntun kwali ko langa. Waɗansu na ƙara maganin tauri don ya yi sauri. Kuskure ne, rage masa ƙarfi yake yi. A cuɗa da tsinke har launi ya zama ɗaya.

8. A fara da shafi siriri, a danna shi cikin tsagar sosai, sa'an nan a ƙara a bisa. Idan rami ne babba, a shimfiɗa guntun ragar ƙarfe a tsakiya, kamar yadda ake sa rodi cikin siminti.

9. A rufe da kwali don ƙura, a bar shi ya cika awoyinsa. Kada a taɓa, kada a tayar da inji "don a gani".

Yanayinmu yana da tasiri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gam yakan daskare a hannu tun ba a gama shafawa ba. A yi aikin da sassafe, a inuwa, a riƙa cuɗa kaɗan-kaɗan. A lokacin ɗari kuwa, Disamba da Janairu, yakan yi nawa. A ƙara masa lokaci, a sa shi a rana da hantsi. Kada a gasa shi da wuta.

IDAN ANA SON CANZA WANI ABU A INJI

Ba gyara kaɗai ake yi da shi ba. Makanikai na amfani da shi su daidaita bakin famfo da tiyon da ba nasa ba, ko su cike wurin da rairayi ya cinye a cikin ganga. Wannan ba laifi, in dai an bar wa farfelar famfo wurin juyawa. Waɗansu kuma na cika shi cikin hanyar da iska da mai ke bi su shiga silinda, wai don babur ya ƙara gudu. Wannan kasada ce. Ranar da guntu ya ɓalle, cikin silinda zai faɗa, ya lalata bawul da fistan.

Tun da matatar man SORAZ ta jihar Damagaram ta fara aiki a 2011, gas ɗin girki ya yaɗu a ƙasarmu, har masu garka da dama suna mayar da injinsu ya yi aiki da shi maimakon fetur. Muna gargaɗi da babbar murya: kada a haɗa hanyar gas da gam. A sa tiyon gas na ainihi da maɗaurinsa, a wurin wanda ya san aikin. A gwada mahaɗin da kumfar sabulu, ba da ashana ba.

INDA BA A SA GAM KO KUSA

Birki, sitiyari, ƙafar babur da gangar jikinsa, ramin fulogi, kusoshin da ke riƙe kan silinda, da tukunyar gas. Haka nan duk abin da ke juyawa da ƙarfi, kamar fulawul na injin niƙa. Idan waɗannan suka saki, ba kuɗi kaɗai za a rasa ba, rai ne. A canza su, ko a kai wa mai walda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

LAFIYARMU

Ɗanyen efoksi yana cutar da fata. Wanda ya saba cuɗa shi da yatsa, wata rana hannunsa zai fara ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma daga ranar ko kaɗan ya taɓa sai su dawo. Mu sa safar hannu, ko mu ɗaura leda. Idan ya taɓa fata, a goge da tsumma, a wanke da sabulu da ruwa nan take. Kada a wanke hannu da fetur ko tina. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15, a tafi likita.

A yi aikin a fili, inda iska ke kaɗawa. Wajen goge busasshen gam, a rufe hanci da baki da rawani. Kada a liƙe tukunya, ko buta, ko faifan injin niƙa da shi, domin zai gauraya da abinci. A ɓoye shi inda yara ba su kai, don yana kama da man goge haƙori. Tankin fetur kuwa, ko an juye shi, tururin da ke ciki yana kama wuta. A buɗe shi ya sha iska sosai, kuma ba taba, ba garwashin shayi a kusa.

MU TATTAUNA A AJI

1. Don me gam mai jinkiri ya fi mai sauri ƙarko?
2. An rubuta 300°F a kwali. Digiri nawa ke nan a awonmu?
3. Faɗi wurare uku da ba a sa gam a jikin inji ko babur.
4. Me za mu yi idan gam ya shiga idon yaro?

Muna roƙon malaman cibiyoyi su sa ɗalibai su zo da tsofaffin kwalayen gam, a karanta lambobinsu tare. Wanda ya karanta wannan shafi kuma, ya karanta wa maƙwabcinsa na garka. Mu tanadi gam mai jinkiri da samfefa tun inji yana lafiya, mu ajiye a inuwa, kada sai ranar da ruwa ya ƙi hawa.

Allah ya tsare mana injunanmu, ya sa albarka a noman raninmu. Sai fitowa ta gaba.